Fim Mai Jan Zare

Babura, watan Oktoba

Zuwa ga ɗana Jalaluddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a wannan ƙasa ta Norway da ko a mafarki ban san inda take ba. Mu nan lafiya lau. Ƙafata ta yi sauƙi, kunnen ne dai yana nan yadda ka san shi, sai an yi mini ihu kamar ana korar shanu daga gona. Shi ya sa na ce kada ka wahalar da kanka da kiran waya, takarda ba ta sa ni cewa "na'am?" sau goma. An yanke gero, dawa ta kusa. Na je Kazaure na gano mahaifiyarka, ta ce wai karatun kiwon kifi ka tafi. Na ce ikon Allah, ga dam a bayan gidanku, sai an haye jirgi kafin a san kifi?

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jakar kyamarar kawunka marigayi, maigidana mai hoto, wadda na ba ka da za ka tafi, ashe na ba ka har da abin da ban yi niyya ba. Na zazzage kwallata kaf ina neman wani ɗan gwangwanin fim, babu shi, sai na tuna cikin aljihun jakar ya mayar da shi kafin ya kwanta ciwo. Za ka gan shi a ɗaure da jan zare. Hoton mahaifiyata Inno ne a ciki, kuma duk duniya babu wani. Ka san ta, ko katin zaɓe ba ta yarda an yi mata ba. Sau ɗaya tak ta zauna gaban kyamara, shekarar da za ta rasu. Mutumin da kawunka yake kai wa wankin fim a Kano ya rufe shago, kawun naka yana cikin neman wani sai Allah ya yi masa rasuwa.

Da na gane yana wurinka sai na ce wani hanin ga Allah baiwa ne. An ce Turawa ba sa yar da tsohon abu, ba za a rasa mai wankewa a can ba. Ka kai a wanke mini, ka aiko. Kada ka ce aikin dangin nesa ne, kakarka Mairo da Inno 'ya'yan wa da ƙani ne, a ruga ɗaya suka tashi wajen Kanya Babba. Ba gaggawa, abin da ya jira shekaru ai zai jira wata ɗaya.

Ka riƙe salla, ka riƙa rufe ƙirjinka.

Gwaggonka,
Tasalla

*

Tromso, watan Nuwamba

Gwaggo Tasalla,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Gwaggo Shatu ƙanwarki da yaran gida. Ya ƙafa? Tun da na zo ban samu takarda daga gare ki ba, na ce bari ni in fara, don abin da na gani ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Gwaggo, rana ta daina fitowa. Wallahi ba wasa nake ba. Da hantsi sai gari ya ɗan yi fari kamar bayan asuba, kafin ka gama cin abinci duhu ya dawo. Sun ce sai wajen ƙarshen Janairu za mu sake ganinta. Salla ma da takardar lokuta ta masallaci muke yi, don babu inuwar da mutum zai duba.

Amma ba wannan ne labarin ba. Akwai wani haske da yake fitowa a sama, suna ce masa hasken arewa. Wani abokin karatuna Barnabas, mutumin Jos ne, shi ya ɗauke ni a mota muka fita bayan gari inda babu fitilu. Muna tsaye cikin ƙanƙara sai sama ta tsage, wani kore shar ya zubo tun daga wannan dutse har wancan, yana kaɗawa kamar an shanya mayafi iska tana wasa da shi. Babu tsawa, babu ƙara ko kaɗan. Ban san lokacin da na durƙusa ina salati ba. Barnabas yana ta dariya, ya ce shi ranar farko mota ya koma da gudu ya kulle ƙofa.

Wayoyinmu duk sanyi ya kashe su, amma kyamarar Kawu Daudu ko gezau, tunda ba ta cin batir. Na kafa ta a kan ƙafafunta uku, na ɗaura mata igiyar nan da ake latsawa daga nesa don kada hannu ya girgiza ta. Hoton dare ba kamar na rana ba ne, sai an bar idon kyamarar a buɗe ya daɗe yana shan haske. Agogo ba ya ganuwa, sai na yi dabara: in latsa, in karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu a natse, sannan in saki. Yatsuna har sun daina jin komai.

Fim uku na tarar a jakar, duk sababbi, harshensu a waje kamar yadda fim ɗin da ba a taɓa ɗauka da shi ba yake. Wanda na fara sa wa shi ne wani da Kawu ya ɗaure da jan zare. Na ce tunda har ya yi masa alama, lalle shi ne mai kyan cikinsu da yake tattali, kuma babu daren da ya fi wannan cancanta. Na cika shi taf, ban bar ko gurbi ɗaya ba. Ina ta tuna Kawu, na ce da yana raye da ya yi alfahari da ni.

Da zarar an wanke zan aiko miki, ki nuna wa mutanen Babura su sha mamaki.

Ɗanki,
Jalaluddeen

*

Babura, watan Disamba

Jalalu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lafiya muke, tunda dole a faɗa. Takardarka ta same ni ina tsince gyaɗa a tsakar gida. Ina karantawa ina murmushi, har na kira Shatu in ba ta labarin garin da babu rana. Da na iso kan jan zare sai faifan ya suɓuce daga cinyata. Na sake karantawa ko idona ne. Ashe takardunmu saɓani suka yi a hanya, tawa tana tafiya, kai kana can cikin ƙanƙara kana karanta Fatiha a kan fuskar uwata.

Kai Jalalu! Kai da ka yi hutu biyu a gidan nan kana riƙe wa kawunka jaka, ba ka taɓa lura ba? Shi ba ya barin harshen fim ya shige gwangwani. In ya ɗauki biki rabi, sai ya naɗe ya cire, ya bar harshen a waje don ya mayar wata rana ya ƙarasa. Wanda ya riga ya ɗauka shi yake ɗaure wa zare. Duk yaron shagonsa ya san wannan. Matambayi ai ba ya ɓata, me ya hana ka tambaya?

Ba ka san abin da ka taka ba, bari in gaya maka. Ni ce 'yar farin Inno. Kai ɗan birni ne, wataƙila ba ka san kunyar ɗan fari irin ta mutanenmu ba. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "waccan". Kakata ce ta goya ni. In na shigo ɗaki sai ta juya tana gyaran ƙwarya. In za ta ba ni abu sai ta ajiye a ƙasa ta ce wa Shatu, "Ki ce ta ɗauka." Ba ƙi ba ne, na sani, ranar da na yi doguwar naƙuda an ce bayan ɗaki ta kwana a tsaye. Amma har ta koma ga Allah ba ta taɓa tsayar da ido a kaina ba. Kunnenta na sani, da gefen kumatunta, da ƙeyarta.

Ranar hoton sai da aka aike ni kasuwa. Shi ma kawunka surukinta ne, ba za ta zauna yana kallonta ba. Igiyar nan da kake yabo, ita ya ɗaura, ya kafa kyamarar, ya koma bayan zana ya juya baya. Ya ce ta tambaye shi daga inda take zaune, "Wa zai gani?" Ya ce, "Ta ɗakina." Ya ji tana gyara ɗankwali, can ta ce, "To latsa." Sau uku ya latsa, ya cire fim ɗin bai ƙara ɗaukar kowa a kansa ba. Shi kansa bai ga yadda ta zauna ba.

Wannan ne abin da ka cika taf, ba ka bar ko gurbi ɗaya ba.

Sadiyya 'yar Shatu ta ce in bari ta kira ka a waya. Na ce a'a, abin da ke bakina ba zai bi ta bakin yarinya ba. Kada ka sake taɓa fim ɗin nan da kyamararka da iliminka, ka ji na gaya maka.

Tasalla

*

Babura, watan Fabrairu

Jalaluddeen,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An gama sussukar dawa tuntuni, ga azumi ya ƙarato.

Wannan wane irin shiru ne? Sadiyya ta ce ka kira ta sau da yawa kana neman a ba ni, na ƙi karɓa, gaskiya ne. To don na ƙi waya sai aka ce an hana ka biro? Mahaifiyarka ta zo har Babura a kan acaɓa, tsohuwa da ita, ta ce ka ce mata ba ka iya cin abinci. Na ji kunya ƙwarai. Na yi fushi, kuma har yanzu in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni ma da na buɗe aljihun jakar kafin in ba ka, da ba a kai nan ba.

Abin da ya fi damuna yanzu daban ne. Shekaranjiya muna hira da Shatu, na ce tabon ƙahon saniya da ke goshin Inno a dama yake. Ta ce a hagu. Muka yi ta musu har ta rantse. Da na kwanta na rufe ido in gani da kaina, wallahi Jalalu sai na ga ɗankwali da 'yan kunne, tsakiyar babu kowa. Na tashi zaune ina salati. Ɗan abin da na sani na fuskarta ma ya fara tafiya.

Ina hoton? Wata biyu ina zuba ido ga duk motar da ta taso daga Kazaure. Ko ka wanke ka ga babu komai ne kake tsoron faɗa mini? Ko ka jefar? In baƙin gawayi ne ya fito, aiko mini gawayina. Gani ya kori ji.

Gwaggonka,
Tasalla

*

Tromso, watan Maris

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na durƙusa ina gaishe ki, ya ibada? Ina lafiya, rana ta dawo.

Takardunki biyu na farko rana ɗaya na same su, ta Oktoba da ta maƙale a hanya da ta Disamba. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, sai ga ni zaune a kan matakala ban san yadda aka yi ba. Barnabas ne ya zo ya tarar da ni, ya zaci rasuwa aka yi mini. Na ce masa kusan haka ne. Na fara rubuta miki amsa ban san sau nawa ba, ina yagawa.

Gwaggo, ban wanke ba, ban kuma jefar ba. Kin ce kada in sake taɓa shi, ni kuma na ɗauka har wankin kike nufi. Na naɗe shi a hular Kawu na sa a akwati, ina jiran in dawo gida in miƙa miki a hannu. Ashe ke kina can kina jiran mota. Da takardarki ta Fabrairu ta zo, ko takalmin kirki ban tsaya sawa ba.

Akwai wata tsohuwa a nan da take wankin fim a bayan shagonta. Na ba ta labarin duka. Ta dafe kai, sannan ta ce fim ba ya goge abin da ya riga ya gani, sai dai ya ɗora na biyu a kan na farko. Inda hoton farko yake da haske, kamar farin bango, na biyu ba zai kama sosai ba. Inda yake da duhu, nan sabon hasken zai zauna. Na ce mata Inno baƙa ce, kuma baƙin zane take ɗaurawa. Ta ce to mu yi addu'a, kowa da irin tasa.

Ga su nan cikin ambulan, na sa su tsakanin kwali biyu. Ina roƙonki ki zauna kafin ki buɗe.

Bangon gidanku ya fito, da zana, da turmin da ta zauna a kai. Amma ita Inno, hasken ya shige ta. Zanenta duk kore ne da taurari. A biyu na farko fuskar ta tafi gaba ɗaya, sai siffar mutum cike da hasken nan. Na uku ne kaɗai ya bar wani abu. Tsakanin kowane hoto nawa da na gaba da shi akwai ɗan siririn wuri da haske bai taɓa ba, kuma da yake ban sa fim ɗin daidai inda Kawu ya sa ba, wannan siririn ya faɗo a kan fuskarta, ya gitta kamar an ɗaura ƙyalle. Idanunta ne kawai a ciki. Babu goshi, babu baki, tabon da kuke musu a kai ma bai fito ba. Tsohuwar ta yi iya ƙoƙarinta, ta ce abin da ya tsira ke nan.

Na lalata miki fuskar mahaifiyarki, na bar miki abin da bai kai faɗin yatsa ba. Ba ni da bakin ba ki haƙuri. In kin ce in dawo da kyamarar, zan ba wa mai zuwa Kano ya kawo.

Ɗanki mai neman gafara,
Jalaluddeen

*

Babura, bayan ƙaramar Salla

Ɗana Jalalu,

Assalamu alaikum. Barka da Salla, Allah ya maimaita mana. Kowa lafiya.

Ambulan ya iso. Ka ce in zauna, ban zauna ba, kuma na yi kuskuren buɗewa gaban Shatu. Na farko na zaro, ta leƙo ta kafaɗata, ta kurma ihun da ni kurma ma sai da na ji. "Wayyo Allah, aljanu sun shiga Inno!" Kafin in ce kwabo gidan ya cika. Matan maƙwabta suna ta a'uziyya, wata ta ce a kai wa liman, wata ta ce wannan ai alamar 'yan Aljanna ce, kore ne tufafinsu. Sadiyya tana ta bayani da Turancinta babu mai saurare. Ni kaina, ba zan ɓoye maka ba, na tsorata. Turmina ne, zanata ce, ga uwata zaune, amma an kwashe ta an zuba sama a ciki. Na ce a raina shi ke nan, yaron nan ya gama da ni.

Na bar na ukun cikin kwali ban duba ba. Na ce kowa ya tafi gidansa, ba biki ake ba. Sai washegari da hantsi, da Shatu ta tafi kai niƙa, na ɗauko shi na zauna a bakin ƙofar ɗaki inda haske yake.

Jalalu, kallona take yi.

Ba gefe ba, ba ƙasa ba, ba wajen ƙwarya ba. Tsakiyar idona. An gaya mata wanda zai gani, ta gyara ɗankwali, ta dubi wannan ƙaramin gilashi ta tsaya cak. Ashe idanunta ba baƙaƙe ba ne sosai, da ɗan ja-ja kamar na Sadiyya. Ashe na hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta, irin nawa. Shekara hamsin da wani abu ina duba madubi, ban san a wurinta na samo ba. Kuma akwai 'yar tattara a gefensu, wadda take yi in tana ɓoye dariya, wannan kam na san ta ta gefe.

Ka ce abin da ka bar mini bai kai faɗin yatsa ba. Goshin da bakin ai na gan su tana raye, in sun ɓace mini Shatu tana nan, ta riƙe tabonta a hagu, na bar mata. Abin da ban taɓa samu ba shi ne ya tsira. Ba wayonka ba ne, kada kanka ya kumbura, saura ƙiris ka hallaka ni. Amma na yafe maka duniya da lahira. Ka riƙe kyamarar, ka ci abinci, ka kai wa tsohuwar nan gaisuwata. In ka sake ganin zare a jikin wani abu, ka yi tambaya.

Abu ɗaya zan faɗa maka, kada ya wuce tsakaninmu. Duk shekarun nan ina cewa da za ta dube ni sau ɗaya, da na ƙura mata ido har sai na ƙoshi. To ga ta ta dube ni, babu kowa a gidan, takarda ce a hannuna. Wallahi ban kai ƙarshen numfashi ɗaya ba, ni na fara sunkuyar da kai.

Kullum da hantsi ina sake gwadawa.

Gwaggonka,
Tasalla